Wasiƙa daga Aswan: Randar da Ake Ragewa Kafin Damina

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ya ruwa?

Da aka yi mana hutu, na kwana a jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Aswan don in ga madatsar ruwan da Misirawa ke kira Saddul Ali. Na zaci katangar siminti zan tarar, ashe tudu ne na duwatsu da yashi da yumɓu, tsayinsa mita 111, tsawonsa ya kusa kilomita 4. An fara ginin a 1960, aka gama a 1970. A bayansa Tafkin Nasir ya miƙe wajen kilomita 500, har jelarsa ta shiga Sudan.

Ba girman ne ya tsaya mini a rai ba. Ruwan nan ba a Masar ake yin sa ba, galibinsa daminar tsaunukan Habasha ce, wadda a da kan sa Kogin Nilu ya tumbatsa a Agusta da Satumba. To ƙa'idar masu kula da madatsar ita ce, kafin Agusta ya kama a sauke tafkin zuwa mita 175 bisa teku, alhali yana iya kaiwa 182. Mita bakwai ɗin nan masaukin baƙo ne. Ambaliya ta zo ta samu wuri ta kwanta, sai a riƙa sakinta kaɗan-kaɗan duk shekara, manomi ya yi ban-ruwa, injina 12 su ba da wuta. In ta fi ƙarfin masaukin, akwai mashigar Toshka da ke karkatar da rarar cikin hamada. Randar da ta cika ai ba ta karɓar ko moɗa ɗaya. Wannan ajiya ce kuma ta rufa wa Masar asiri lokacin farin da aka yi a shekarun 1980.

Ba kyauta aka samu ba fa. Lakar da kogi ke shimfiɗa wa gonaki yanzu a tafkin take kwanciya, sai takin zamani. Nubiyawa, mazauna bakin kogin a yankin, dubbai sun bar gidajensu, tsohon garin Wadi Halfa yana ƙarƙashin ruwa.

Ina tsaye a kan tudun nan Maiduguri ta faɗo mini, daren da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024. Ku da ke zaune ƙasan Tiga da Challawa da Goronyo, don Allah in Yuli ya kama ku tambayi masu kula da ƙofofin: mita nawa aka bar wa ruwan da ke tafe?

A gaida mutan gida.

Ɗan uwanku a Masar