Sunan da Ke Kan Azurfa da Mai Mulkin Gari

Wanda ya fara tara tsabar azurfar Italiya ta ƙarni na 12 zuwa na 15, idonsa kan tafi wurin sunan sarki kai tsaye. Kusan duk kuɗin wancan zamani ba su da shekara a jiki, don haka suna ne kawai abin kamawa. Abin da wannan nazari ya koya mini shi ne, sunan nan yakan faɗi gaskiya a wani birni, ya yi ƙarya a wani.

A Venis yana faɗin gaskiya. Shugaban birnin, Enrico Dandolo, shi ya fito da tsabar kuɗin da ake kira grosso a ƙarshen ƙarni na 12, azurfa kusan tsantsa, nauyinta giram 2 da ɗan ɗoriya. A fuska ɗaya shugaban ne tsaye da waliyyin birnin, Markus, suna riƙe da tuta. Kowane sabon shugaba sunansa ke hawa, zanen kuwa ya daɗe bai canza ba. In ka karanta Pietro Ziani, ka san tsakanin 1205 da 1229 aka buga ta.

Jenowa ce ta fi ɗaure mini kai. Konrad na III, sarkin Jamus, ya ba birnin izinin buga kuɗi wajen 1138, ya mutu a 1152, amma sunansa ya ci gaba da fitowa a kuɗin Jenowa har ƙarni na 17. Shugabanni suka zo suka wuce, gidajen attajirai suka yi ta kokawa kan mulki, Konrad na nan daram. Da farko sunan shaida ce ta izini, daga baya ya zama abin da ɗan kasuwa ya saba gani ya karɓa ba gardama. Kasuwannin Kano da Kukawa sun san irin wannan: azurfar Mariya Teresa, sarauniyar Austriya, da ta yi yawo a can, 1780 ke jikinta ko yaushe aka buga ta.

Haka gigliato, tsabar azurfa ta Napoli mai nauyin kusan giram 4, wadda sarkin Napoli Charles na II ya soma a 1303. Ɗansa Robert ya rasu a 1343, ba a daina buga ta da sunansa ba, wasu sarakunan Turkawa na gabar Anatoliya ma suka kwaikwaye ta. Shi ya sa ban cika yarda da mai sayarwa da ya rubuta "zamanin Robert" ya yi shiru ba.

To me ake dubawa? Ma'auni na farko, domin akwai masu aske gefen kuɗi su tara ɓurɓushin azurfa. Sai siffar haruffa, da 'yan ɗigo-ɗigon da jami'an gidan buga kuɗi na Venis ke sawa don a san aikin wa. Sai karanta kowane harafi da gilashin ƙara girma. Sarakunan Sabiya sun buga kuɗi mai kama da grosso sak, har Venis ta hana karɓarsa a 1282. A inda na Venis ke da DVX (wato shugaba), nasu REX ne (wato sarki), waliyyin kuma Istifanus. A ganina waɗannan kwaikwayon ma sun cancanci wuri a akwatin mai tarawa, in dai an rubuta musu sunansu na gaskiya.

Wankewa kuwa, kada a soma. Baƙi-baƙin da azurfa ta yi da daɗewa yana cikin abin da masana ke dubawa, wadda aka goge ta yi ƙyalli darajarta faɗuwa take yi.