Eyam, ƙauyen da ya killace kansa

Daga Sheffield muka hau bas, ni da wani ɗan'uwa da ke karatu a can, muka nufi ƙauyen Eyam a yankin tsaunukan Derbyshire na Ingila. Ana fita daga birni sai ƙasa ta buɗe: tuddai kore shar, tumaki barkatai, da katangun dutse da aka jera ba siminti ba laka, sun yanka gonaki gida-gida. Yankin na cikin Peak District, gandun da ya fara samun kariyar gwamnatin Birtaniya a 1951.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hanyoyin ƙafa. Gona ta mai ita ce, amma doka ta ba kowa damar ratsawa ta tsohuwar hanyar da ta bi ta cikinta. Ka taka matakalar da ke jikin katanga ka tsallaka, in ƙofa ce ka mayar ka rufe saboda dabbobi. Ba wanda zai tambaye ka daga ina.

Eyam ƙauye ne na masu haƙar dalma a da. Gidajensa na dutse suna jere a bakin titi, kuma a gaban wasu akwai alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki. A 1665 aka aiko wa telan garin da ƙunshin yadi daga Landan, inda annoba ke cin mutane a lokacin. Ana kyautata zaton ƙuma mai ɗauke da cutar ce ta biyo yadin. Yaron tela, George Viccars, shi ya kwance ƙunshin, kuma shi ya fara mutuwa a watan Satumba. Da bazarar 1666 ta shigo cutar ta yi ƙamari, sai limamin cocin garin, William Mompesson, da wanda ya riga shi riƙe muƙamin, Thomas Stanley, suka shawo kan jama'a a kan kada kowa ya fita, kada kowa ya shigo. Mutanen biyu ba aƙidarsu ɗaya ba, amma a wannan lamari bakinsu ya zo ɗaya. Aka daina taruwa a coci, aka koma ibada a wani kwari, kowane gida na nesa da wani.

Ina tsaye a farfajiyar cocin, kusa da kabarin Catherine matar Mompesson wadda ita ma annobar ta ɗauke, hadisin nan ya faɗo mini: in kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, in ta ɓarke kuna ciki kada ku fita. Mun sha jinsa a wa'azi. A nan na ga abin da aiki da irin wannan umarni ke ci wa mutane.

Sai da muka taka zuwa dutsen iyakar garin na gane nauyin abin. Hanyar ta bi ta makiyaya, iska na kaɗawa, ciyawa jiƙe da ruwa. Dutsen bai kai ƙugu ba, an huda ramuka a samansa. A cikinsu mutanen Eyam ke zuba ruwan khal su jefa kuɗi don gudun yaɗa cutar, maƙwabta su ajiye abinci su kwashe kuɗin. Mai sarautar yankin da ke zaune a Chatsworth ma ya riƙa aiko da kayan masarufi. Daga nan in ka gangara kaɗan kana ƙauyen Stoney Middleton. Ba ganuwa, ba dogari. Uwa mai goyo za ta iya sulalewa da dare, kafin asuba ta yi nisa. Mafi yawansu ba su yi haka ba, alhali suna ganin ana fitar da gawa daga gidan maƙwabci.

Daga can muka juya gabashin gari muka haura zuwa kaburburan Riley. Suna tsakiyar wata gona, an kewaye su da 'yar katanga. A watan Agustan 1666, cikin kwana 8, Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 da hannunta, domin an yi ittifaƙi kowane gida ya binne nasa. Ɗan'uwana mai yawan surutu ne, amma a nan ya yi tsit. Can ya ce, "Yaya, wa ya taya ta haƙa?" Ban ba shi amsa ba.

Annobar ta lafa a watan Nuwamban 1666, bayan ta kashe kimanin mutum 260. Har yau, ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, mutanen garin na taruwa a wancan kwarin su yi addu'ar tunawa.

Ruwa ya tsuge mana a hanyar komawa, muka fake a wani shagon shayi da ke dandalin gari har lokacin bas ya yi. Wanda zai je ya tanadi takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa, domin hanyar dutsen iyaka tana da santsi in an yi ruwa.