Kiwon murjani a tankin gilashi a Gombe: zafi, wuta da ruwa kafin komai

Yawancinmu in muka ji an ce murjani, jan dutsen adon da iyaye mata ke ratayawa a wuya ne ke faɗo mana, ko ayar Suratur Rahman da ta ambace shi tare da lu'ulu'u. Wancan dutsen ƙashin wata halittar teku ne, an fi ciro shi daga Bahar Rum. Murjani dabba ce mai rai. Irin wanda ake kiwo a gida yana ɗauke da wasu ƙananan tsirrai a cikin namansa, ido ba ya ganinsu, su ne ke karɓar haske su haɗa abinci su ciyar da shi. Idan zafi ya takura masa sai ya amayar da su, ya yi fari fat, in ba a kai masa ɗauki ba yunwa ta kashe shi. Haka ta faru da babban tudun murjanin gaɓar Ostareliya a 1998 da 2016. Ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da ya saba da shi, in ya ɗau makonni, ya isa ya jawo wannan.

To ga mu a Gombe, inda rana ke taɓa digiri 40 a Maris da Afrilu. Gaɓar tekun Najeriya kuma ba ta da tudun murjani, saboda laka da ruwan daɗin da koguna irin su Neja ke zubawa. Ke nan gishirin, dutsen, kifin, duk daga waje ake shigo da su, su biyo ta Legas ko Abuja. Abin da ya yi wannan doguwar tafiya bai kamata ya zo ya mutu a falonka cikin mako guda ba. Shi ya sa nake ganin kada a sayi komai mai rai sai an gama da zafi, wuta da ruwa.

Ruwan tanki yana son digiri 25 zuwa 27. A 28 ana lallaɓawa. Daga 30 zuwa sama, in ya kwana biyu a haka, ɓarna ta soma. Ɗakin da za a ajiye shi ya zama mai silin, wanda bangonsa ba ya shan ranar yamma, kuma nesa da taga. Kada tankin ya gaza lita 150 zuwa 200, domin ruwa kaɗan yana saurin ɗaukar zafi. Lita 200 da gilashi da dutse za ta doshi kilo 300, sai a nemi teburin ƙarfe a shafe shi da fenti mai kauri, tunda gishiri yana cin ƙarfe.

Mafi arhar abin sanyaya ruwa ita ce ƙaramar fanka mai hura saman ruwan, a buɗe tankin a sa raga maimakon murfin gilashi. Dabarar randa ce. Lita ɗaya idan ta ƙafe ta bi iska, zafin da ta tafi da shi ya isa ya sauke tankin lita 200 da kusan digiri 3. A busasshiyar iskar Fabrairu da Maris fanka tana rage digiri 2 zuwa 4. Lokacin da ya fi ban tsoro shi ne ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, sa'ad da danshi ya riga damina isowa amma zafin bai sauka ba: ruwa ba ya ƙafewa da sauri, fanka sai ta zama kusan ado. Idan ɗakinka yana kai 33 ko 34 a wannan lokacin, babu makawa sai na'urar sanyaya ɗaki ko cila, wato injin da ruwan ke bi ta cikinsa ya fito da sanyi. Cila tana zubar da zafinta a cikin ɗaki, kada a kulle ta a kabad, za ta riƙa shaƙar zafin kanta tana aiki ba hutu.

Ga ranar gaggawa, a ajiye gorunan ruwa masu lita ɗaya da rabi a firiza. Gora ɗaya mai ƙanƙara, a rufe, in ta narke a tankin lita 200 ba ta sauke shi da cikakken digiri 1 ba. Taimako ne na 'yan sa'o'i, kuma ɗaya bayan ɗaya ake sa su, don faɗuwar zafi farat ɗaya ita ma cuta ce. Da hunturu kuwa labari ya juya, asubahin Disamba da Janairu na iya sauke ruwan ƙasa da 23. Hita mai wat 150 zuwa 200 da aka saita a 25 ta wadatar, amma a riƙa duba ta da wani ma'aunin zafi daban, domin hita takan maƙale a kunne ta dafa tanki.

Sai wuta. Murjani zai jure kwana biyu ko uku babu fitila. Abin da tanki ba ya jurewa shi ne ruwa ya tsaya cak. Ruwan teku a digiri 25 yana riƙe iskar shaƙa da ta gaza ta ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, zafi kuma yana ƙara rage ta. Kifi, murjani da bakteriya duk suna ja daga wannan ɗan abin. In an ɗauke wuta da dare a bazara, cikin 'yan sa'o'i za ka ga kifi a sama yana haki. Saboda haka a raba layi biyu. Famfon da ke dawo da ruwa da wanda ke kaɗa shi su zauna a kan inbata dare da rana, fitila da cila su jira wutar gari ko sola. Lissafin ba wuya: famfunan biyu in sun haɗu a wat 35, batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na sa'a guda, rabi kawai ake ci in na ruwa ne, ka cire abin da inbata ke sha, ya rage sa'o'i 14 ko 15. A ajiye kuma ƙaramin famfon iska mai batirin tocila a kusa. A karkata famfo ɗaya ya riƙa yamutsa fuskar ruwan, ta nan iska ke shiga.

Ruwan da za a haɗa gishiri da shi, nan ne da yawa ke yi wa kansu sakiyar da ba ruwa. Ruwan famfon da ke zuwa daga Dadin Kowa, kamar na Gubi a Bauchi, an sa masa kulorin don lafiyar mutane, kuma kulorin yana kashe bakteriyar da tanki ke dogara da ita. Ruwan burtsatse yakan zo da ƙarfe, silika ko naitiret, gwargwadon unguwa. Ruwan leda na sha ne, ba a tace shi kakaf ba. Abin da ake bukata shi ne matatar RO mai haɗe da DI, wato na'urar da ke tace ruwa kakaf a matakai huɗu: matacin laka, sai na gawayi mai kama kulorin kafin ya lalata fatar tacewa, sai fatar, sai ƙwayoyin da ke tsince ragowar. Ɗan ma'aunin TDS, mai auna abin da ya rage narke a cikin ruwan, ya nuna 0 ko 1. In ya kai 3, lokacin sauya ƙwayoyin ya yi. Wani abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba: fatar tana bukatar ƙarfin turi kamar bar 3.5 zuwa 4 (bar ma'aunin turin ruwa ne), tankin saman gida mai tsayin mita 5 kuwa rabin bar ɗaya kawai yake bayarwa. Dole a haɗa da famfon ƙara turi, in ba haka ba ruwan zai riƙa ɗiga, kuma bai tacu ba. Kowace lita mai kyau tana fitar da lita 3 ko 4 na rara, a tara su don wanki da ban ruwan shuka.

Gishirin girki ba ya yi, ba shi da kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadaran teku. Sai gishirin da aka haɗa don tanki, giram 36 zuwa 40 a kowace lita gwargwadon kamfani, har ma'aunin gishiri ya nuna 35, ko 1.026 a ɗaya gefen. Gishiri ake zubawa cikin ruwa a hankali famfo na juyawa. In aka zuba ruwa a kan tulin gishiri, kalsiyam zai daskare ya zama farin gari da ba ya narkewa. Da damina a ɗaure bakin buhun sosai, danshi yana dunƙule shi ya ɓata shi.

A riƙe wannan da kyau: ruwa ne ke ƙafewa, gishiri yana nan. Tankin lita 200 da fanka a kansa zai iya rasa lita 4 a yini. Kwana biyar ba a cika ba, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 39. Da tataccen ruwa zalla ake cikawa, kullum, zuwa layin da aka yi wa alama a jikin gilashi. Ruwan gishiri sai wajen sauyin ruwa, kashi 10 cikin 100 duk mako ɗaya ko biyu.

Dutse da yashi su zama na aragonait, wato irin sinadarin ƙashin murjani, kamar kilo 1 na dutse ga kowace lita 10, yashi santimita 2 zuwa 3. Yashin kogi da duwatsun bayan gari ba su da ƙofofin da bakteriya ke zama, kuma suna iya sakin ƙarfe. A cika tanki, a bar fitila a kashe, a sa amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, har ta kai 2 a gwaji, don a raya bakteriyar da ke cinye ta. Bakteriya za ta mai da ita naitirait, wata ta mai da shi naitiret. Yakan ɗau mako 4 zuwa 6. Ranar da ka sa amoniya, bayan sa'a 24 ka ga ita da naitirait duk sifili, tanki ya shirya. Sai a fara da kifi biyu masu juriya irin Amphiprion ocellaris, mai ruwan lemo da fararen layuka uku, a bar mako 2 ko 3 tsakanin kowane ƙari. Murjanin farko ya zama mai laushi, irin Discosoma, Sarcophyton ko Zoanthus. Acropora mai rassa yana da kyau ƙwarai, amma a wannan zafin namu a bar shi sai tanki ya shekara bai tangaɗa ba. Masu ƙashin dutse irinsa ma suna cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta cinikin halittun da ake karewa, sai da takarda ake ƙetare iyaka da su.

Lambobin da ake nema: alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na hana tsami, 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH, kalsiyam 400 zuwa 450, magnesiyam 1,250 zuwa 1,350, naitiret 2 zuwa 10, fosfet 0.03 zuwa 0.1. Alkaliniti ya fi saurin motsi, shi za a fi gwadawa. Giram 3 na bekin soda a lita 100 yana ɗaga shi da dKH 1, kada a wuce haka a yini. Bekin foda daban ne, kanwa kuma cike take da datti, duk a nesanta su. Idan kana ta zuba kalsiyam ya ƙi hawa, farin ɓawo kuma yana kama hita da famfo, gwada magnesiyam, galibi shi ne ya faɗi.

Gansakuka ita ce ke karya gwiwar sabon shiga. Ƙura mai ruwan ƙasa da ke rufe yashi a watan farko tana cin silika ne, takan wuce da kanta in ruwan cikawa mai tsabta ne. Jan yauƙi mai kama da darduma yana son inda ruwa ba ya gudu, a zuƙe shi da tiyo a ƙara motsi. Kore mai gashi alamar abinci ya yi yawa ne ko matatar ruwa ta gaji, a rage ciyarwa zuwa abin da kifi zai cinye cikin minti biyu, fitila kada ta wuce sa'a 9, a sa dodon koɗin teku. Yauƙi mai ruwan ƙasa da kumfa a bakinsa, mai ɓacewa da dare ya dawo da rana, wannan yakan fito ne idan an tsabtace tanki fiye da kima har naitiret da fosfet sun koma sifili. Maganinsa a ƙara ciyarwa a dakatar da sauyin ruwa na ɗan lokaci. Fararen ɗigo a jikin kifi kuwa ƙwayar Cryptocaryon ce. A kwashe kifin duka zuwa wani tanki a yi musu magani, babban tankin ya zauna babu kifi kwana 76. Maganin jan ƙarfe ne, ɗigonsa a babban tanki yana kashe murjani da jatan lande. Don haka ma kan famfon tagulla ko wayar da ta ɓare kada su taɓa ruwan.

Akwai kuma abubuwan da gidajenmu kaɗai suka sani. Maganin sauro na fesawa da na kunnawa guba ne mai ƙarfi ga kifi da jatan lande. Na'urar kumfa da ke fitar da datti tana zuƙar iskar ɗaki ta cakuɗa ta da ruwa, duk abin da ke cikin iskar ya shiga. A gaya wa uwargida da yara tun farko: ba feshi a wannan ɗakin, turaren wuta a kai wani ɗaki, janareto nesa da taga. Da hazon hunturu a sa auduga a bakin bututun iskar na'urar, a riƙa sauya ta duk mako. Hannun da aka shafa wa mai ko turare kada ya shiga ruwa.

Zoanthus da ɗan uwansa Palythoa suna iya ɗauke da dafi mai haɗari ga mutum. A sa safar hannu da tabarau kafin a taɓa ko a yanka su, a wanke hannu da sabulu bayan an gama, yara kada su kusanci bokitin da aka sa su. Dutsen da suka kama kada a tafasa shi ko a zuba masa ruwan zafi da sunan tsabtacewa, tururin yana ɗaukar dafin ya kwantar da duk wanda ke ɗakin. Wanda ya ji ƙirji ya riƙe, zazzaɓi ko ɗanɗanon ƙarfe a baki bayan aikin tanki, a kai shi asibiti nan take, a faɗa wa likita abin da ya taɓa.