Yadda na koya wa yaran shago kalmomin haɗa abubuwa a Turanci

Da yamma nake koyar da Turanci ga samari masu koyon walda da gyaran lantarki, kuma inda suka fi shan wahala shi ne takardun umarni da ke zuwa da kayan aiki. Mu da "haɗa" ɗaya sai mu gama magana. Turanci kuwa sai ya duba abin da ya faru a mahaɗar kafin ya zaɓi kalma.

Shi ya sa na ce su zo da kayan shago aji. Waya biyu muka fara jonawa, ƙwan fitila ya kama. Na ce musu wannan shi ne connect: akwai abin da ke bi ta mahaɗar, ko wuta, ko ruwan famfo, ko saƙo. Sai muka ɗaure lamba a jikin injin da zare. Wannan attach ne, ƙarami a jikin babba, kowa yana nan yadda yake, in an so a cire. Takardar da ake maƙalawa a imel ma da wannan kalmar ake kiranta.

Mun fi daɗewa a kan weld da solder, don a nan kuskure ke cin kuɗi. A walda ƙarfen kansa ake narkarwa, da zafin da ya kai wajen digiri 1,500, gefunan biyu su zama jiki ɗaya. A solder kuwa wayoyin ba sa narkewa. Dalmar ce kaɗai ke narkewa, a wajen digiri 183 in gamin kuza da dalma ce, ta riƙe su. Wani yaro ya ɗaga allon rediyo ya ce, "Malam, ashe in na yi wa wannan walda toka zai zama." Daga ranar bai sake rikita su ba.

Mix ba ta ba su wuya ba, kowa ya san kwaɓa siminti da yashi. Merge da amalgamate sai da na kawo musu 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Arewa da Kudu suka zama Najeriya: biyu sun shige juna, suna ɗaya ya rage.

Join na bari a ƙarshe da gangan. Ita ce mai faɗi, tana shiga kusan ko'ina, kuma da na fara da ita da babu wanda zai damu da sauran. Yanzu in sun ɗauki takardar umarni, sai in ji suna tambayar juna: narkewa za a yi, ko ɗaurewa, ko wuta ce za ta bi?