Hawan Dutse Zuwa Gidan Taransimita

Tun da asuba muka kama hanya, ni da injiniyan da nake koyon aiki a hannunsa, saboda masu sauraro na garuruwan nesa sun fara ƙorafin cewa tasharmu ta FM ta daina kamawa. An kwana ana ruwa. Kwalta ta ƙare a gindin dutsen, daga nan sai burji mai santsi, mota tana hawa da ƙyar, hasumiyar eriya tana ɓuya tana bayyana cikin hazo.

Muna shiga ɗakin, Oga, wato injiniyan, ya nufi allon taransimita, na'urar da ke tura shirin tashar zuwa eriya. Na'urar mai kilowat 10 ce, amma abin da take fitarwa bai wuce kilowat 3.6 ba, ga jar fitila tana ƙiftawa.

Na ce, "Oga, ta lalace ke nan?"

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau. Dubi layi na biyu."

Layin yana nuna ƙarfin da ke dawowa daga eriya: wat 400. An ƙera taransimita da kebul da eriya su dace a kan om 50, wato ma'aunin tirjiyar da suke yi wa wutar lantarki. Idan sun dace, ƙarfin duk sai ya fice ta eriya. Da zarar ruwa ya shiga kebul, ko mahaɗa ta saki, ko tsawa ta taɓa eriya, sai wani kaso ya juyo baya kamar amsa-kuwwa, ya faɗa wa tiransistocin ƙarshe na amfilifaya, sashen da ke ƙara wa sigina ƙarfi, su yi zafi, ƙarfin wutar da ke kansu ya haura abin da za su iya ɗauka. Ma'aunin wannan shi ake kira SWR. A 1.5:1, kashi 4 cikin 100 ke dawowa, a 2:1 kashi 11, a 3:1 kuwa kashi 25. A ranar, tamu ta kai 2:1. Da na'urar ta ci gaba da tura kilowat 10, da fiye da wat 1,000 ke komowa cikinta.

Oga ya nuna mini wani ɗan guntun bututun tagulla a bakin kebul, mai siraran wayoyi biyu. Ɗaya tana auna ƙarfin da ke fita, ɗaya wanda ke dawowa. Idan mai dawowa ya kai iyakar da aka saita, sai na'urar ta yi ta rage ƙarfinta da kanta har ya tsaya a kan iyakar, tashar kuma ba ta ɗauke ba. Idan ya yi tsalle farat ɗaya, kamar lokacin tartsatsi a cikin kebul, sai ta yanke nan take, ta sake gwadawa, in abin ya maimaitu ta kulle sai mutum ya zo. Wasu na'urorin kuma suna da sakuleta, mai karkatar da ƙarfin da ya dawo zuwa wani resisto ya zama zafi.

Ana cikin haka aka bugo waya daga ofis, wai a ɗaga iyakar don shiri ya kai nesa. Oga ya ƙi, kuma na ga gaskiyarsa. Ɗaga iyaka ba ya fitar da ruwa daga kebul, sai dai ya ƙone amfilifaya, tashar ta yi shiru gaba ɗaya.

Da yayyafi ya tsagaita muka kashe na'urar, mai hawan hasumiya ya ɗaura bel ya hau. Mahaɗar da ya sauko da ita, da aka kwance ta ruwa ya tsiyayo a tafin hannuna, tagullar ciki ta yi kore, robar hatimin ta tsage. Injin da ke hura busasshiyar iska cikin kebul ma ashe ya tsaya, shi ya sa danshi ya sami hanya.

Aka sa sabuwar mahaɗa, aka gyara injin iska, muka kunna a ƙaramin ƙarfi muna ƙarawa sannu a hankali. SWR ta sauka zuwa 1.1:1, allon ya nuna kilowat 10 na fita, wat 23 kacal ke dawowa. Oga ya sa na rubuta lambobin a littafin tashar, sannan muka gangaro kafin duhu ya rufe hanya.