Idan Sautin Laftof Ya Karkata Gefe Ɗaya

A shagonmu, duk laftof ɗin da aka kawo da kukan cewa gefe ɗaya ne ke magana, ba ma taɓa sukurudireba sai mun soka mata iyafis mai lafiya. In shi ma kunne ɗaya ya yi ƙasa, yawanci matsalar a saiti take. In ya fito daidai, to lasifikar ciki ce ko wayarta.

Saitin ba wuya. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, rubuta mmsys.cpl, shiga Speakers, Properties, Levels, sannan Balance. L hagu ne, R dama, dole lambobinsu su zo ɗaya. In sun daidaita amma karkatar na nan, kashe Enhancements, ka cire direban sauti, wato manhajar da ke sarrafa sautin, galibi ta Realtek, ka ɗora wanda kamfanin da ya ƙera laftof ɗin ya fitar. Ramin iyafis ma yana cika da ƙurar hunturu. Ɗan tsinke da auduga da sipirit sun wadatar.

Aikin gaske yana ciki. Cire batir tukuna, ka zare filogin lasifika, ka ɗora mita, wato na'urar auna lantarki, a kan kowacce. Lafiyayya kan nuna wajen ohm 4 ko 8. Wadda mita bai motsa a kanta ba, naɗin wayarta ya tsinke. Wani lokaci lasifikar ba ta mutu ba, maganaɗisunta ne ya jawo ɓarɓashin ƙarfe ya danne fatar da ke kaɗawa ta fitar da sauti, musamman a kwamfutar masu walda. Za ka gan shi baƙi-baƙi a manne kamar gashi, salatif ke ɗauke shi a hankali. Bi wayar har ƙarshe kuma, don mai gaggawa kan matse ta da noti wajen rufe murfi.

Abin da ke ƙona mana rai shi ne masu kunna Mono audio su ce sun gyara. Sun dai tattara sautin duka ya fito ta lasifikar da ke raye, matacciyar na nan yadda take. Ga jabun kaya a kasuwa: kwali mai kyau, sautin kamar gwangwani, sati biyu fata ta yage. Mu lasifikun biyu muke canzawa tare, masu lambar samfurin laftof ɗin, ko mai kaya zai yi ta ciniki a kan ɗaya, domin sabuwa da tsohuwa ba sa fita da ƙarfi ɗaya. Kafin mu miƙa, mukan danna maɓallin Test na saitin sauti a gabansa, ya ji hagu, ya ji dama.