Kwana Biyu a Bakin Tafkin Ngaundaba

Babbar 'yata ce ta tayar da maganar. An koya musu a makaranta cewa akwai lambun tsirrai a Limbe, can kudancin Kamaru, wanda Jamusawa suka kafa a 1892, ta dawo gida ta kafe sai mun je. Na ɗauko biro na yi lissafin kuɗin mota daga Garwa zuwa Ngaundare, da jirgin ƙasa zuwa Yawunde, da sauran hanya har bakin teku, mutum shida. Na ajiye biron. Wani maƙwabcinmu da ya yi karatu a makarantar kula da namun daji ta nan Garwa ya ce me ya kai mu Limbe, ga Ngaundaba a bayan Ngaundare. Ya ara mana madubin hangen nesa, ya ja mini kunne har sau uku kada yara su sa yatsa a gilashin.

Mun tashi bayan asuba a hutun Disamba. Inna ta ce ba za a bar ta a gida ba, ko da yake ba ta ga dalilin da mai hankali zai ƙona mai don kallon itace ba. Inda hanya ta bi gefen gandun dajin Binuwai muka tarar da gwaggon biri zaune a bakin kwalta, ko gezau. A Mbe uwargida ta sa aka tsaya cinikin doya. Daga nan sai hawan dutsen nan mai kwana-kwana, manyan motoci suna nishi a gabanmu, kunnuwa suna toshewa. Da muka kai sama iska ta sauya, Auta ya fara neman rigar sanyi. Mutumin Garwa bai san sanyi ba sai ya kwana a tudun Adamawa.

Ngaundaba tana kudu da Ngaundare, ta hanyar Maiganga, wajen kilomita 40. Wurin kiwon shanu ne mai masauki, a gefen wani tafki da ya cika bakin tsohon dutse mai aman wuta. Ruwan a kwance yake cikin kwari kamar an zuba shi a akushi, itatuwa sun yi masa ƙawanya.

Wani saurayi Bafulatani ne ya zaga da mu washegari da sassafe. Yana riƙe da littafin tsuntsaye na Faransanci wanda bangonsa ya sha jiki. Amma kafin a kai ga tsuntsu, Inna ta ƙwace ragamar tafiyar. Ta tsaya gindin wata doguwar bishiya ta shafa jikinta.

"Maje ke nan. Ƙaronsa ake turare da shi."

Ta nuna wata mai dogayen ganye a tattare can ƙarshen reshe, ta dubi Auta. "Kai maigida, wannan fa?"

"Kaɗanya ce, Kaka."

"Ka yi kuskure. Namijin kaɗe ne. Jira shi shekara ɗari, ba zai ba ka man kaɗe ba."

Saurayin ya yi dariya ya ce gaskiyar Dada ce, wato Inna, maje da namijin kaɗe su ne suka fi yawa a dajin tudun nan. Gwandar daji, kalgo, ɓaure, malmo a bakin ruwa, duk ta jero su, kowanne da abin da ake yi da shi. Ni da na girma a ɗakinta ban taɓa sanin ta san wannan duka ba. A Garwa daga darbejiya sai mangwaro muke wucewa, me zai jawo maganar? Sai da ta zaro 'yar wuƙa daga bakin zane za ta sassaƙi wani maɗaci, saurayin ya rusuna ya ce, "Dada, a yi haƙuri, nan ba a sassaƙa." Ta mayar da wuƙar tana mita, wai magani a tsaye ana kallonsa kamar amarya.

Kallon tsuntsu kuwa aikin haƙuri ne, kuma yaranmu ba su da shi. An ce a yi shiru, sai lokacin kowa ya tuna yana da tari. Rigima ta tashi a kan wa zai riƙe madubi, har na fara tunanin mu koma masauki. Muna cikin haka wani abu ya yi ƙara daga cikin duhuwar bakin rafi, kamar ana gurza ƙwarya. Saurayin ya ɗaga hannu. Tsuntsu ne mai girman hankaka, jikinsa shuɗi mai duhu kamar rinin Kano da ya sha bugu, fuska da baki rawaya, ga jan tukku a ka. Turako ake ce masa. Gudu yake yi a kan reshe kamar kurege. Da ya buɗe fiffike ya tsallaka wata bishiyar, sai ga ja jawur a ƙarƙashi. Saurayin ya ce jan nan akwai sinadarin jan ƙarfe a cikinsa. 'Yata ta manta madubin yana hannunta, da ido ta gan shi. Inna ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce wannan kam ba ta san sunansa ba. Ban taɓa jin ta faɗi haka a kan wani abu ba.

Sauran duk na gida ne: cilakowa, kurciya, shirwa, da carki a bayan shanun gudali yana tsintar kaska. Da rana muka shimfiɗa tabarma, aka ci kilishi da burodi, aka sha kindirmo, yara suka tara busassun ganye suna manna su a littafi, Kaka tana faɗin suna suna rubutawa da Hausa.

Gab da magariba balbelu suka fara dawowa kwana, garke bayan garke, har bishiyoyin bakin ruwa suka yi fari fat. Bayan mun yi salla saurayin ya kai mu wani fili da tocila. Yautai ya tashi daga ƙasa, wasu abubuwa biyu baƙaƙe suna binsa suna rawa a iska. Auta ya ce jemagu ne ke korar sa. Ashe gashinsa ne. A lokacin neman mace namijin yakan fitar da dogon gashi ɗaya a kowane fiffike, tsinke ne zalla sai tuta a ƙarshe. Inna ta ja jikokinta baya tana a'uziyya, ta ce tun tana yarinya ba a son harka da yautai.

A hanyar dawowa, muna gangara dutsen, na ji wani ƙamshi a mota. Na waiga. Inna ta kwance bakin zanenta tana nuna wa uwargida ƙaron maje, dunƙule uku.

"Inna, ba an hana ba?"

"Sassaƙa aka hana, ɗan nan. Wannan a ƙasa na tsinta."